Benjamin Osuntokun, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi (1935-1995)

1. Ciwo mai kada mutum farat ɗaya

Yara, a Madawa, a Buza ko a Keita, da wuya a sami garin da ba shi da wani dattijo mai jan ƙafa, hannunsa guda a sake. Jiya lafiya lau ya ke. Ya je gona, ya ci tuwo, ya yi hira. Da gari ya waye sai aka iske bakinsa ya karkace, magana ta gagara, rabin jikinsa ya daina motsi. Wannan ciwo shi a ke kira shanyewar ɓarin jiki.

Wasu su kan ce iska ce ta buge shi. Wasu su ce jifa ne. Likitoci kuwa sun gano cewa tushen ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga likitocin Afirka na farko da suka bi sawun wannan ciwo shi ne wani mutumin Nijeriya mai suna Benjamin Oluwakayode Osuntokun. Mutanen ƙasarsu suna faɗin sunan kamar Oshuntokun. Tarihinsa za mu karanta.

2. Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Osuntokun ran 6 ga watan Janairu na shekara ta 1935, a garin Okemesi, cikin ƙasar Ekiti. Ekiti tana kudu maso yammacin Nijeriya, ƙasar Yarabawa. Tsaunuka sun kewaye Okemesi kamar yadda suka kewaye garuruwan Adar, sai dai nasu kore ne shar, don ruwan sama yana da yawa can. Mutanen wurin suna noman doya da rogo da koko da goro.

A lokacin nan Ingilishi ke mulkin Nijeriya, Faransawa kuma suna mulkin Nijar. Yaron yana jin Yarabanci a gida, a makaranta kuwa ya koyi Ingilishi. Ashe shi ma da harshe biyu ya tashi, kamar ku. Ya yi kwaleji a garin Ado-Ekiti, a wata makaranta mai suna Christ's School. Daga nan ya wuce birnin Ibadan, wanda Hausawa ke kira Badun. Fataken goro da na shanu sun san wannan birni ƙwarai, don akwai tsohuwar unguwar Hausawa can, mai suna Sabo.

A Badun aka buɗe jami'a ta farko ta Nijeriya cikin 1948. Cikin 1957 aka buɗe babban asibitinta, inda a ke koyar da aikin likita. Nan Osuntokun ya yi karatu. Ya zama likita cikin 1961, shekara ɗaya bayan Nijeriya da Nijar sun sami ƴancin kai.

3. Neman ƙarin sani

Likita ba ya iya ƙwarewa bisa kowane ciwo. Wani ya kan zaɓi ido, wani yara, wani fiɗa. Osuntokun ya zaɓi ƙwaƙwalwa da lakka da jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki. Cikin 1963 ya tafi birnin Kadif na ƙasar Biritaniya, wurin wani malami mai suna Harold Scarborough. Cikin 1964 ya koma Niyukasil, ya zauna ƙarƙashin manyan likitocin jijiya biyu, Henry Miller da John Walton. Ya kuma yi aiki a babban asibitin jijiyoyi na Landan. Cikin 1965 ya dawo Badun.

A zamanin nan babu na'urar sikana mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa. Sai farkon shekarun 1970 aka ƙirƙiro ta. Kayan aikin likitan jijiya kaɗan ne: ƴar guduma ta roba don ƙwanƙwasa gwiwa, tsinke don gwada ko fata tana ji, da ƴar fitila don leƙa ido. Sauran aikin na ido ne da kunne da hankali. Likita ya kan saurari majinyaci, ya dubi tafiyarsa, ya gwada ƙarfin hannuwansa, sa'an nan ya faɗi wurin da ya lalace cikin ƙwaƙwalwa, alhali bai gan shi ba.

A Badun ya iske wani gwani, Latunde Odeku, wanda ya dawo daga Amurka cikin 1962 da sanin fiɗar ƙwaƙwalwa. Suka haɗa ƙarfi. Ɗaya yana magani, ɗaya yana fiɗa, kuma dukansu suna rubuta abin da suka gani.

4. Sirrin rogo

Aikin da ya fara fito da sunansa bisa rogo ne. A wasu ƙauyuka na kudu, wajen garin Epe, mutane da yawa suna fama da wani ciwo. Ƙafafunsu su kan yi zafi, sa'an nan su mutu. Suna tafiya suna tangaɗi. Gani ya ragu, ji ya ragu. Wani likita ɗan Kamaru, Gottlieb Monekosso, ya riga ya yi bincike bisa ciwon, kuma an fara zargin abinci.

Osuntokun bai tsaya ga zargi ba. Ya tambayi majinyata abin da su ke ci. Ya iske yawancinsu talakawa ne, rogo safe, rogo rana, rogo dare, nama da kifi da wake kuwa kaɗan. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da wata guba da a ke kira siyanid. Sai ya auna jinin majinyata, ya gwama da na mutanen da ba su cin rogo da yawa. Ya sami alamar gubar ta fi yawa cikin jinin majinyata. Da wannan bincike ya sami babbar takardar shaida ta dakta cikin 1969. Masu binciken da suka biyo baya sun ƙara da cewa ƙarancin abinci mai gina jiki shi ma yana da hannu.

Wannan ya shafe mu. Ana noman rogo cikin fadamunmu, ana kuma sayar da garin rogo a kasuwanninmu. Rogo abinci ne mai kyau in an gyara shi. A ɓare shi, a jiƙa shi kwanaki, a matse ruwan, a shanya ko a dafa sosai. Ta haka gubar ke fita.

5. Me ke shanye ɓarin jiki?

Ku dubi gonar albasa a fadamar Tarka. Ruwa yana bin ƴan hanyoyi, yana shiga fangali bayan fangali. In hanya ta toshe, fangalin da ke gabanta ya bushe. In hanya ta ɓalle, ruwa ya malala ya ɓata shuka, na gaba kuma ya rasa.

Haka ƙwaƙwalwa ta ke. Jini yana bin ƙananan hanyoyi yana kai mata abinci da iskar numfashi. Wani lokaci gudan jini ya kan toshe hanya. Wani lokaci hanyar ta kan fashe, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Ko wanne ya faru, wurin da ya rasa jini yana fara mutuwa cikin mintoci kaɗan.

Ga wani abin mamaki. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma yana sarrafa na hagu. Ga yawancin mutane, wurin magana yana ɓarin hagu. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa ya kan rasa magana.

A da, littattafan likitoci suna cewa wannan ciwo na Turawa ne, ba shi da yawa cikin baƙar fata. Osuntokun kuwa yana ganin masu shi kwance cikin asibitin Badun. Wa ke da gaskiya, littafi ko ido? Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a ƙidaya.

Cikin 1969 shi da Odeku da wani abokin aikinsu, Adelola Adeloye, suka buga bayanin masu wannan ciwo da aka kwantar a asibitinsu. Amma asibiti ɗaya ba shi ne gari ba. Don haka daga 1973 zuwa 1975 ya buɗe rajista ta birnin Badun, da taimakon Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda mu ke kira OMS. Duk wanda aka san ciwon ya kama, a rubuta shekarunsa, a auna shi, a bi labarinsa. An buga sakamakon cikin 1979. Shi ne ƙidaya ta farko irinta cikin wani birni na baƙar fatar Afirka. Ta nuna cewa kowace shekara ciwon yana kama mutum 26 cikin 100,000. Masana na baya sun nuna cewa adadin gaskiya ya fi haka, don majinyata da yawa ba su zuwa asibiti.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne sanadi. Fiye da rabin majinyatan suna da hawan jini. Hawan jini shi ne jini ya riƙa tura bangon hanyoyinsa da ƙarfi fiye da kima, dare da rana, shekara da shekaru, har bangon ya gaji. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum yana iya ɗauke da shi shekara goma yana jin kansa garau. Amma ana iya auna shi cikin minti biyu, da ɗan madauri da a ke ɗaurawa a damtse. Kuma yana da magani. Ashe ciwon da a ke cewa ya faɗo daga sama, ana iya tare shi tun yana nesa.

6. Gida gida

Osuntokun ya san cewa yawancin mutanen Afirka a ƙauye su ke, nesa da babban asibiti. Don haka a farkon shekarun 1980 ya fita da mutanensa zuwa Igbo-Ora, wani gari yamma da Badun, wanda ya yi suna wajen haihuwar tagwaye. Ya yi aikin tare da OMS da wani likitan Amurka mai suna Bruce Schoenberg.

Likitocin jijiya kaɗan ne, mutane kuwa dubbai. Sai aka yi dabara. Aka koya wa waɗansu ma'aikata da ba likitoci ba ƴan tambayoyi da ƴan gwaje-gwaje masu sauƙi. Suka shiga gida gida. Wanda aka ga alama gare shi, sai a kai shi gaban likita. Ta haka aka duba mutum kusan 19,000. An buga sakamakon cikin 1987. Ya nuna yawan masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon kai mai tsanani, da masu farfaɗiya. Masu farfaɗiya sun kai wajen 5 cikin 1,000. Farfaɗiya ma ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki, kuma tana da magani. Wannan dabara ta gida gida an yi aiki da ita cikin ƙasashe da dama.

7. Malamin likitoci

Likita ɗaya, kome ƙwazonsa, majinyata kaɗan zai iya gani a yini. Amma in ya koyar da ɗalibai, hannuwansa sun yawaita. Shi ya sa Osuntokun bai raba magani da koyarwa ba. Ya zama farfesa cikin 1970, yana da shekara 35. Daga 1974 zuwa 1978 shi ne shugaban sashen koyon likita na jami'ar Badun. Daga 1985 zuwa 1990 ya shugabanci babban asibitin kansa.

Yaya a ke koyon likita? Ba cikin aji kaɗai ba. Da safe malami ya kan zaga ɗakin majinyata, ɗalibai na biye. A tsaya gaban gado. Ɗalibi ya gaida majinyaci, ya faɗi labarin ciwon, ya gwada jiki. Malami ya yi tambaya, ya gyara masa riƙon guduma, ya nuna masa abin da ya tsallake. Jami'ar Badun kuma ta kan tura ɗalibanta Igbo-Ora su yi makonni, don su ga rijiyar da mutane ke sha, da abincin da su ke ci, da nisan da ke tsakaninsu da magani.

Ɗaliban da suka tashi a hannunsa sun watsu cikin asibitocin Nijeriya da na waje. Da yawa sun zama malamai, suka koyar da wasu. Cikin 1972 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta Afirka baki ɗaya. Daga 1987 zuwa 1990 ya shugabanci kwamitin da ke ba OMS shawara bisa binciken lafiya na duniya duka. Ya rubuta maƙaloli na ilimi fiye da 300. Cikin 1984 Nijeriya ta ba shi babbar lambarta ta masu ilimi. Matarsa, Olabopo Osuntokun, ita ma ta zama farfesa ta ciwon ido a wannan jami'a.

8. Aikinsa na ƙarshe

Cikin 1992 ya fara wani bincike bisa ruɗewar tsufa, wato ciwon da ke sa tsoho ya manta hanyar gidansa da sunan jikokinsa. Shi da wani likita mai suna Hugh Hendrie suka gwama tsofaffin Badun da tsofaffin baƙar fata na birnin Indiyanafolis a Amurka. Bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a Ingila ran 22 ga watan Satumba na 1995, yana da shekara 60. Ɗalibansa suka ci gaba. Cikin 2001 suka nuna cewa ciwon ya fi kama tsofaffin Indiyanafolis bisa na Badun.

9. Bayan rasuwarsa

Hanyar da ya share ba ta rufe ba. Cikin 2018 likitocin Nijeriya da Gana suka buga wani babban bincike bisa shanyewar ɓarin jiki. Farfesa Mayowa Owolabi na jami'ar Badun yana cikin shugabanninsa, kuma asibitocin Kano da Zariya sun sa hannu. Sun sake samun abin da Osuntokun ya samu: hawan jini shi ne babban sanadi. Bayansa akwai ciwon suga, da ƙiba, da taba, da yawan gishiri. Sun kuma ga cewa masu cin ganye kullum ba su cika kamuwa ba. Mu kuwa muna da zogale da rama da tafasa da yakuwa.

Yau akwai sikana, akwai kuma allurar da ke narkar da gudan jini. Amma allurar ba ta aiki sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai a babban asibiti. Don haka rigakafi ya fi magani. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya na kanti ma gishiri ne ya fi yawa cikinsa. In awon jinin babba ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake awo aka sami haka, to yana da hawan jini. Wanda aka ba magani ya riƙa sha kullum, ko da yana jin lafiya. Yara ma ciwon ya kan same su, musamman masu amosanin jini.

Ku riƙe alamu uku. Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta mutu. Magana ta sarƙe. In kun ga ko da ɗaya ta zo farat ɗaya, ku kira manya. A kwantar da majinyaci bisa gefensa. Kada a ɗura masa ruwa ko fura ko jiƙo, don yana iya shaƙewa. A nemi mota ko amalanke, a kai shi gidan likita mafi kusa nan take. Daga can, in akwai bukata, za a tura shi asibitin Madawa, ko na Buza, ko na Keita, ko babban asibitin Tawa. Wanda ya tashi kuma, a taimake shi ya riƙa motsa hannu da ƙafa kullum, a riƙa hira da shi. Da yawa su kan sake tafiya da ƙafarsu.

Ma'anar kalmomi

Ƙwaƙwalwa: abin da ke cikin ƙoƙon kai, mai sarrafa tunani da motsi da magana.
Lakka: igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya.
Majinyaci: mara lafiya da a ke jinya.
Rajista: littafin da a ke rubuta sunaye da adadi.
Farfesa: malamin da ya kai matsayi mafi girma a jami'a.
Fangali: ɗan yankin gona da a ke ba ruwa.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Osuntokun, kuma cikin wace shekara?
2. Waɗanne kaya likitan jijiya ke aiki da su kafin a sami sikana?
3. Me ke cikin rogo mai ɗaci? Yaya a ke fitar da shi?
4. Ta hanya nawa jini ke yankewa ga ƙwaƙwalwa? Ku faɗe su.
5. In hannun dama ya shanye, wane ɓari na ƙwaƙwalwa ya lalace?
6. Don me Osuntokun ya fita daga asibiti ya shiga gida gida?
7. Don me aka ce hawan jini ba ya sallama?

Aiki

1. Lissafi: shekara nawa ke gare shi sa'ad da ya zama likita? Shekara nawa ya yi yana shugabancin asibitin Badun?
2. Lissafi: in mutum 5 cikin 1,000 suna da farfaɗiya, mutum nawa ke nan cikin gari mai mutum 8,000?
3. Ku nemi Madawa da Tawa da Kano da Badun bisa taswira.
4. Ku rubuta alamu uku na shanyewar ɓarin jiki da Hausa, sa'an nan da Faransanci. Ku liƙa takardar a bangon aji.
5. Ku tambayi manyan gidanku ko an taɓa auna jininsu. Ku ƙidaya waɗanda aka auna da waɗanda ba a auna ba, ku kawo wa malam adadin gobe.